Yadda ake sauya injin na'urar niƙe daji

Na'urar niƙe daji, wato motar nan mai tafiya a kan sarƙa irin ta katafila, da ganga mai haƙora a gabanta tana mayar da bishiya da kututture gari, tana cikin na'urorin da suka fi gallaza wa inji. Katafila takan tura ƙasa, ta ja da baya, injin ya ɗan sarara. Wannan kuwa daga safe har yamma injinta na kan cikakkiyar wuta, cikin ƙura da ɓarɓashin itace, sau da yawa a karkace a kan gangara. Shi ya sa za ka ga jikin na'ura da famfunanta da sauran ƙarfinsu, amma inji ya buga. A wannan bayani, in na ce na'ura ina nufin motar gaba ɗaya, inji kuma shi ne mai shan dizal ɗin da za a cire.

Fara da binciken abin da ya kashe tsohon

Kada ka nemi sabon inji sai ka san abin da ya kashe na ciki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Galibin abubuwan da ke kashe inji a wannan aiki a jikin na'urar suke zaune, kuma suna nan suna jiran sabon.

Kwance tiyon iskar da ke tsakanin filta da turbo, wato na'urar da ke hura wa inji iska, ka zura yatsa ka shafi cikinsa. Kamata ya yi yatsan ya fito tas. In ya fito da ƙura mai laushi kamar hoda, to injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, ita ce ta cinye zoben fistin da bangon silinda. Bi hanyar iskar kaf har ka gano ta inda take shiga: ko tsagewa a ƙarƙashin gwiwar roba inda ido ba ya kaiwa, ko maɗaurin da ya saki, ko murfin gidan filta da ya lanƙwashe. Leƙa fukafukan turbo ma. In bakinsu ya zaizaye kamar an bi su da samfefa, ka sami shaida ta biyu.

In zafi kake zargi, ka sa wani ya haska tocila ta bayan lagireto kai kana dubawa ta gaba. A irin waɗannan na'urori ana jera lagireto da intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke hurawa, da na'urar sanyaya man haidirolik kusa da juna, kuma a tsakaninsu ne ɓarɓashi ke taruwa ya dunƙule kamar bargo, alhali ta waje komai fes. Da yawa suna da fanka mai juya iska baya don ta feso dattin, irin ta Cleanfix ko Flexxaire. Ka tabbatar tana juyawar da gaske, don takan daina ba tare da direba ya lura ba.

In kuwa metal ɗin karanshaf ne ya narke, wato ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kansa, yanka filtar baƙin mai ka baje takardar cikinta a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe zai nuna maka girman ɓarnar. Sai ka tambayi kanka inda man ya tafi: yoyo ne, ko dizal ne ya tsinka shi saboda nozul mai zuba, ko kuwa aikin gangara ne ya sa famfon mai yake zuƙar iska? In turbo ne ya fashe, ka ɗauka cewa intakula cike take da mai da gutsattsarin ƙarfe. Wannan zan dawo kansa, domin yana iya hallaka sabon inji cikin minti ɗaya.

Zaɓen injin da zai shiga

Hanya uku ce. Ko ka samo irinsa sak da dukkan kayan jikinsa, ko ka sayi gangar jiki kawai, wato bulok da kai da karanshaf da fistin a haɗe, ka kwashe sauran kayan tsohon ka ɗaura masa, ko kuma ka sa wani inji dabam. A ganina duk wanda zai iya samun ta farko kada ya waiwayi ta uku. Ta ukun tana yiwuwa, ana kuma yinta, amma aikin walda da waya da kwamfuta da ke cikinta ya ninka na sauyin kansa.

Sunan inji kaɗai ba ya wadatarwa. Cummins QSB6.7, alal misali, ana fitar da shi da ƙarfi iri-iri, daga ƙasa da doki 150 har zuwa wajen 300, da kwanon mai dabam-dabam da wurin zaman turbo dabam-dabam. Ka ɗauki hoton farantin da ke jikin injin. A Cummins akwai lambar inji da lambar CPL, a Caterpillar akwai lambar tsarin haɗi, a John Deere akwai takardar lambobin zaɓi manne a murfin saman inji. Da waɗannan lambobi ake oda.

In dole sai wani inji dabam, abu na farko shi ne gudu da ƙarfi. A yawancin waɗannan na'urori injin ba ya juya ganga kai tsaye, famfunan haidirolik yake juyawa, su kuma su tura mai zuwa ga motocin haidirolik da ke juya ganga da sarƙa. Lissafin ba wuya. Famfo mai cin cc 130 a kowane juyi, in inji na gudun 2,200 a minti, zai ba da wajen lita 286 a minti. Ka sa masa inji mai tsayawa a 2,000, ya koma lita 260, ganga ta rage gudu, direba ya ce sabon injin ba shi da ƙarfi. Ƙarfin da famfo ke nema kuwa, ka ninka lita da matsi a ma'aunin bar ka raba da 600, ya ba ka kilowat. Lita 286 a bar 350 ya kama kilowat 167, wajen doki 224, kuma ganga kaɗai ke nan, ba a sa tafiya da fanka da abin da ke salwanta a matsayin zafi ba. Masu kwaɗayin ƙara doki su ma su lura: famfo ba zai karɓi fiye da iyakarsa ba, rarar kuma lagireto ce za ta biya.

Abu na biyu shi ne bayan inji. Gidan fulawil, wato zagayayyen murfin da akwatin famfuna ke ɗaurewa a kai, yana da girma na ƙa'ida da ake kira SAE. Faɗin bakin SAE 4 milimita 362 ne, SAE 3 kusan 410, SAE 2 kusan 448, SAE 1 kuma 511. Shi kansa fulawil ɗin, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan karanshaf, akwai mai inci 10, da 11.5, da 14. Ka auna da hannunka, ka kuma auna zurfin fuskar fulawil daga bakin gidan, domin can ne akan yi tuntuɓe.

Sai kwanon mai. Injin da aka ciro daga janareta ko babbar mota yana iya zama iri ɗaya da naka a komai, amma kwanonsa na aikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Na'urar daji tana buƙatar kwano mai zurfi da bututun zuƙo mai wanda ya dace da shi, da sandar awon mai tasa. Ukun nan tare suke tafiya. Duba wutar lantarki ma, ko bolt 12 ce ko 24, saboda kik da altaneta da wasu kayan ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi.

Na ƙarshe shi ne matakin hayaƙi. Injunan Tier 4 Final na Amurka, da suka fara aiki a 2014 ga masu kilowat 130 zuwa 560, da na Stage V na Turai da suka biyo baya a 2019, sau da yawa suna zuwa da matatar toka a salansa da tankin ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi, wanda kashi 32.5 cikin ɗari nasa yuriya ne. Suna son dizal mai ƙarancin salfa, wanda bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, da baƙin mai irin CJ-4 ko CK-4. Sa irin wannan inji a tsohuwar na'ura na nufin nemo wa duk waɗannan kaya wurin zama a ɗakin da ba a yi shi dominsu ba. Komawa baya zuwa tsohon mataki kuma dokar ƙasashe da yawa ta hana, ga shi kwamfutar na'urar za ta yi ta neman saƙonnin da tsohon inji ba ya aikawa.

Shiri kafin a kwance noti ko ɗaya

In ƙwaƙwalwar tsohon injin tana da rai, haɗa kwamfuta ka kwafe saitinta da lambobin matsalolin da ta ajiye tun batir na haɗe. Mutane da yawa sai inji ya sauka ƙasa suke tuna wannan.

Ka kai na'urar wuri mai daɓe, shimfiɗaɗɗe, inda abin ɗaga kaya zai iya tsayawa. In inji ya mutu murus, ka tuna birkin sarƙa sifirin ne ke kama shi, matsin mai ke sakinsa, saboda haka ba a janta da ƙarfin tsiya. Littafin na'urar ya nuna yadda ake sakin birkin da buɗe hanyar mai kafin ja. Sauke kan niƙa ya zauna a ƙasa, ka kuma tabbatar ganga ta tsaya cik, don takan ci gaba da juyawa da nauyinta bayan an kashe inji.

Daga nan sai wanka. Farantan ƙarfen da ke rufe cikin na'urar ta ƙasa sukan cika da garin itace jiƙe da mai, mai kauri har ya kai taki guda, baƙi wuluk kamar laka. Sa jak ka tallafi kowane faranti kafin ka cire notinsa na ƙarshe, domin nauyin da ke kansa ya fi wanda kake zato. Wannan datti shi ne makamashin gobarar da ke cinye irin waɗannan na'urori, kuma za a yi aiki da tartsatsi a kusa.

Saki matsin haidirolik yadda littafi ya ce, har da na tulunan ajiye matsi in akwai su. Layukan ganga da na tafiya suna aiki a bar 350 zuwa sama da 400, kuma man da ya tsirto ta ƙaramin rami a wannan matsi yana huda fata ya shiga nama. Ba a laluben yoyo da hannu, da kwali ake yi. In na'urar tana da abin kashe gobara mai tashi da kansa, kwance masa kunama tukuna, in ba haka ba ka taɓa wayarsa ya cika ɗakin inji da hoda. In akwai AdBlue, bayan kashe makulli ka jira famfonsa ya gama janye ruwan daga layi kafin ka yanke wuta. Wasu na'urorin Caterpillar har fitila suke da ita ta wannan jira. Sannan cire kan batir, na baƙar waya da farko. In ɗakin direba ake ɗagawa a kai ga inji, sa sandar tokare shi, kada ka dogara da silindar ɗagawa.

Kwancewa

Ɗauki hotuna fiye da yadda kake ganin kana buƙata, ta kowace kusurwa, musamman hanyoyin da wayoyi da tiyo suka bi. Kowane abu da ka raba, sa wa bakinsa biyu alama iri ɗaya, ko da maɗaurin roba mai launi ko da lamba. Notunan kowane sashe a jakarsu da suna. Bakin tiyon mai da na dizal kuma a toshe su da murfin roba na ainihi. Tsumma yana barin zare, ana kuma manta shi a ciki.

Juye baƙin mai da ruwan lagireto, ka ɗebi kaɗan na kowanne a kwalba mai tsabta don gwaji. Cire murfin sama da ƙarafan kariya, sai salansa, da bututun iska, da tiyon ruwa, da layukan dizal, da wayoyi. Notunan salansa tun daren jiya ake jiƙa su da man sassauta tsatsa. Kwamfiresan na'urar sanyaya ɗaki kuwa kwance shi daga jikin inji ka ɗaure shi a gefe da tiyonsa a haɗe, ba sai an saki iskar gas ɗin ba.

Yanzu sai shawarar da ta fi kowacce tasiri a wannan mataki: a fito da inji tare da famfuna, ko a bar su a ciki? In akwai sararin da inji zai matsa gaba har haƙoran sandar famfo su zare daga mahaɗin da ke tsakaninta da fulawil, bar famfunan a inda suke. Ka tsira daga buɗe layukan haidirolik, kuma duk layin da ba a buɗe ba datti bai shige shi ba. Amma ka sani akwatin famfunan a jikin gidan fulawil yake rataye. Tallafe shi da katako daga ƙasa ko ka rataye shi da sarƙa daga sama kafin ka kwance notunan zagayen, in ba haka ba nauyinsa zai faɗa kan sanda da tiyo. In babu sarari, sai a rufe bawul ɗin da ke tsakanin tanki da famfo, a fito da su tare. Ka rataya jan ƙyalle a kan makullin na'urar da rubutu cewa bawul a rufe yake. Za ka gode wa ƙyallen nan daga baya.

Inji mai silinda 6 na ajin lita 6 zuwa 7 yana kai rabin tan ko fiye, ban da famfuna. Yi amfani da kunnuwan ɗagawa da kamfani ya sa masa, da sandar raba sarƙa, domin an yi kunnuwan ne don ja a miƙe zuwa sama. In sarƙa ta kwanta har ta kai digiri 30 daga shimfiɗe, nauyin da ke kan kowane reshe ya ninka biyu, kunne kuma yana iya lanƙwashewa ko ya murƙushe murfin saman inji. Ɗaga shi kamar yatsa biyu ka tsaya. Zagaya da tocila. Kusan kullum akwai abu ɗaya da ya rage, kuma yawanci wayar ƙasa ce da ke bayan bulok ko siririn tiyon mayar da dizal. Mutum ɗaya ne ke ba mai ƙugiya umarni, kuma ba a sa hannu tsakanin inji da firam.

Injuna biyu a ƙasa

Ajiye su gefe da gefe ka zauna ka ƙare musu kallo kafin ka ɗauki sifana. Kwatanta ƙafafun zama, da bakin ruwa, da wurin filta, da layin fambel, da kowace na'urar awo da soket ɗinta. Duk abin da ke da wuyar kaiwa in inji ya shiga, yanzu ne lokacinsa: kik, da tiyon da ke ƙarƙashin turbo, da bututun juye mai.

Mahaɗin da ke tsakanin fulawil da famfuna ya cancanci a daɗe a kansa. Faifai ne na roba ko na nailan, irin na Centa ko KTR, aikinsa shanye girgizar juyin inji kada ta kai ga haƙoran famfo. Ka sa sabo. In ka ga jar ƙura kamar garin tsatsa a kan haƙoran sandar, to sun daɗe suna cin juna a bushe, sai ka duba ko sun sirance. Wanke su, ka shafa irin man da mai mahaɗin ya ce, ka zaunar da cibiyar a daidai zurfin da takardarsa ta nuna.

Ga awon da ba a tsallakewa. Kafa agogon awo a kan fulawil, ka tura karanshaf gaba da baya da ƙarfe a hankali, ka rubuta wasan da yake yi. A irin waɗannan injuna bai kai rabin milimita ba, littafi zai ba ka iyakar. Bayan an ɗaure famfuna ka sake awon ta gaban inji. In wasan ya ragu ko ya ɓace, to sandar famfo tana tokare karanshaf, kuma metal ɗin da ke riƙe shi daga gaba da baya zai ƙone cikin ɗan lokaci. Na taɓa ganin an ja akwatin famfo da noti saboda ya ƙi zama da kansa, saura ɗan tsinin yatsa, aka ce ai noti zai kai shi. Ya kai shi ɗin, amma injin bai yi wata guda ba aka sake fito da shi. In akwati ya ƙi zama da turin hannu, akwai abin da ya hana shi, sai a nemo.

In ka sauya gidan fulawil ko fulawil ɗin kansa, auna karkacewarsu da agogon, ka sa sababbin notuna in littafi ya ce ba a maimaita su, ka ɗaure da sifana mai awo bisa tsarin da aka bayar. Tabbatar haƙoran kik sun dace da na zoben fulawil.

Kafin inji ya koma, gyara masa ɗaki. Robobin kujerar inji a sauya su duka, domin mai da zafi sun riga sun laƙume su, kuma kujera mai laushi tana karkatar da inji daga layin famfuna. Raba lagireto da 'yan'uwanta ka wanke kowacce. Intakula kuwa, in turbo ya fashe ko inji ya tarwatse, ni dai sauyawa nake ba da shawara. Man da ya kwanta a cikinta, in sabon turbo ya hura shi zuwa silinda, injin dizal zai ƙona shi kamar dizal, ya yi ta ƙara gudu, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Haka duk wata na'urar sanyaya baƙin mai da ke wajen inji, in metal ya narke ba ta wankuwa. Juye tankin dizal ka duba gindinsa, ka sauya tiyon ruwa da na iska da maɗauransu.

Mayarwa da haɗa waya

Saukar da shi a hankali, ka sa dogayen notuna biyu marasa kai a gidan fulawil su zama jagora. In haƙora suka ƙi shiga, juya karanshaf kaɗan da hannu. Ɗaure zagayen akwati tukuna, sannan kujeru, sannan ka maimaita awon wasan karanshaf. Sauran haɗin bin hotunanka ne daga ƙarshe zuwa farko. Mayar da kowane maɗaurin waya da kowace rigar kare zafi ta turbo da salansa. Ba ado ba ne, a cikin garin itace wayar da ke gogar ƙarfe gobara ce. Kankare wurin zaman wayar ƙasa har ƙarfe ya yi haske.

Injin zamani da kwamfutar na'ura suna magana ta tagwayen wayoyi a kan tsarin J1939. Da batir a cire, sa mita tsakanin wayoyin biyu. In ka ga om 60, lafiya, domin akwai abin tare wuta mai om 120 a kowane ƙarshen layi. In ka ga 120, ɗaya ya ɓata, kuma sau da yawa yana nan maƙale a cikin wayoyin tsohon inji. In tsohuwar ƙwaƙwalwa ka ɗaura wa sabon inji, shigar mata da lambobin sababbin nozul in injin mai irin wannan tsari ne, don kowane nozul da lambar gyaran awonsa. In sabuwa ce, zuba mata saitin da ka kwafa: gudun silo, wato gudun inji in ba a ba shi wuta ba, iyakar gudu, hanyar karɓar umarnin totur, da matakan kashe kai in mai ya sauka ko zafi ya hau. In injin dabam ne, sai an sake saita tsarin da ke rage wa famfo nauyi idan gudun inji ya faɗi, in ba haka ba ganga na cin babban kututture inji zai mutu.

Tayarwar farko

Zuba baƙin mai, ka ɗura kaɗan ta bakin man turbo kana juya shi da yatsa. Zuba ruwan lagireto a hankali ta yadda iska za ta fita, da bawul ɗin hita a buɗe. Filtar dizal ta ƙarshe a bushe ake ɗaura ta, a cika ta da famfon hannu ko na lantarki. Kada a tuttula mata dizal daga jarka, domin abin da ka zuba ta tsakiya bai bi ta matata ba, kai tsaye zai wuce. A injin da ke da bututun matsi na bai-ɗaya kuma ba a sassauta layin nozul don fitar da iska kamar yadda aka saba a tsofaffin injuna. Matsin ciki yana haura bar 1,600.

Koma ga jan ƙyallen nan. Buɗe bawul ɗin tanki. In an cire famfuna, cika cikin kowanne da man haidirolik mai tsabta ta bakinsa na sama, ka ɗaura geji a wurin auna matsin caji, wato matsin man da ke ciyar da famfunan. Famfon da ya juya a bushe na 'yan daƙiƙu ya riga ya ji rauni ko bai nuna ba a ranar.

Hana dizal zuwa yadda littafi ya nuna, ka yi ta kik har gejin mai ya motsa. Kada kik ya wuce daƙiƙa 30 a jere, a bar shi ya huce minti 2. Sannan a tsaya mutum uku: ɗaya a makulli, ɗaya da tocila da abin kashe gobara, ɗaya riƙe da faffaɗan katako kusa da bakin iska don toshewa in inji ya gudu. Katako, ba tafin hannu ba. Tada shi a silo. In matsin mai bai nuna ba cikin daƙiƙa 15, kashe. Matsin caji shi ma ya hau nan take, galibi tsakanin bar 20 da 30. In allurar tana rawa ko famfo na kuka, iska yake zuƙa, kashe ka nemo.

Bar shi ya yi 'yan mintuna, ka kashe, ka duba mai da ruwa da yoyo. Sake tayarwa har ya yi ɗumi, ka motsa sarƙa gaba da baya a hankali, ka kunna ganga ba tare da ta ci komai ba, kowa ya yi nisa da gabanta. Karanta kwamfuta ka ga ko akwai sabuwar lambar matsala.

Daga nan a kai shi aiki. Sabon injin dizal ba ya son doguwar silo, zoben fistin sai da nauyi yake zama, in aka bar shi yana ta gurnani a banza bangon silinda zai yi santsi ya riƙa shan mai har abada. Fara da ƙananan itatuwa, a riƙa sauya nauyin, ana kallon zafin ruwa da na haidirolik. John Deere na da man farko na musamman da ake barinsa aƙalla awa 100, sauran kamfanoni kuma kowa da ƙa'idarsa, sai a bi ta mai injin. Kafin kashewa bayan aiki a ba shi minti 3 zuwa 5 a silo don turbo ya huce.

Da yammacin ranar farko, bayan ya huce, bi maɗauran tiyon iska da na ruwa ɗaya bayan ɗaya ka ƙara ɗaure su, domin sabuwar roba tana saki in ta sha zafi. Duba notunan kujeru da na akwatin famfuna. Rubuta awan da agogon na'ura ke nunawa ranar sauyin da lambar sabon inji a littafin kula, ka kuma rubuta su da fenti a cikin ƙofar ɗakin inji. Bayan awa 50 ka ɗebi baƙin mai a kai gwaji, a duba yawan silikon, wato alamar ƙasa. A ranar kuma ka sake kwance tiyon nan da ke tsakanin filta da turbo, ka zura yatsa.